Ajin Malam Na-Sani a Wayar Marigayi

Akwai mutumin da in ka ce masa gidansa ya kama da wuta, kafin ka rufe baki zai ce maka ai ya sani. Irin wannan ne ƙanen mijin Anti Tela, shi ya sa daga ɗakin malamai har bakin titi ba mai kiransa da sunan yanka, sai Malam Na-Sani. Labarin ƙasa yake koyarwa a makarantar da ke kallon shagon ɗinkinta, makarantar da yayansa ya daɗe yana koyar da lissafi kafin Allah ya karɓi abinsa.

Marigayin mutum ne marar hayaniya. A wayarsa yana da wani shafi a intanet inda yakan saka 'yan gajerun bidiyo, yana warware lissafi a kan kwali da baƙin biro. Bayan rasuwarsa tsofaffin ɗalibansa ba su watse ba. Kullum sai wani ya leƙo ya ajiye addu'a a ƙarƙashin bidiyon, wani direba, wata ma'aikaciyar jinya, wani da ya yi nisa har ba a san ƙasar da yake ba. Anti Tela ba ta yi zurfi a karatu ba, da yatsa take bin rubutu, amma kowace safiya kafin ta ɗora ƙafa a kan keke sai ta karanta addu'o'in nan tsaf, ta ce amin, sannan ta zura zare. Abin da ya rage mata ke nan na mijinta wanda yake ƙaruwa maimakon ya ragu.

Ana nan sai aka aiko makaranta da gayyatar wani kwas na yini guda a kan yadda malamai za su yi amfani da dandalin sada zumunta. Kowa yana da aiki a hannu, sai aka tura Na-Sani don a huta da bakinsa. Waɗanda suka je daga wasu makarantu sun ce tun da aka ci abincin rana ya jingina da bango, bai farka ba sai da aka fara rabon takardar shaida. Amma da ya dawo, ko gida bai nufa ba, shagon Anti Tela ya faɗo da wani kati rataye a wuya.

"Matar Yaya, kin ga wannan?"

Ta ɗaga ido daga kan ɗinki. "Na gani. Irin wanda ake rataya wa yaro kada ya ɓata a tasha."

"Ke dai ba ki san zamani ba. Wannan shaidar ƙwarewa ce. Mai Makaranta ta ce tana son a san makarantarta a intanet, kuma kin san kujerar mataimakin hedimasta ba kowa a kai. Wanda ya kai mu intanet shi zai hau. To ni ga ni, a ranar taron iyaye zan nuna musu abin da ko a mafarki ba su gani ba."

"Allah ya ba da sa'a. Matsa mini daga haske."

Bai matsa ba. Ya yi ta kewaye-kewaye har ya iso inda ya dosa: wayarsa gilashin hotonta ya tsage, duk wanda ta ɗauka sai ya fito kamar an tsoma shi a ruwan wanki. Wayar marigayi yake so aro.

Ta ce a'a, ta ci gaba da taka keke. Shi kuwa ya san inda ake kama ta. Da yamma sai ga shi da Inna, mahaifiyarsu, tana dogara sanda.

"'Yar nan, ciki ɗaya suka fito," in ji Inna. "Ki ara masa zuwa ranar taron. In ya samu kujerar nan ai mu duka muka samu."

Anti Tela ba ta iya yi wa surukarta musu. Ta ciro wayar daga aljihun keke, ta goge ta da gefen mayafi, ta miƙa.

"Hoto kawai za ka ɗauka. Shafinsa kada ka taɓa."

"Na sani."

Washegari da safe tana neman ramin allura sai ga mai askin da ke maƙwabtaka da ita ya shigo da almakashi a hannu, fuskarsa kamar ya ga maciji a takalmi. Ya miƙa mata wayarsa. Ga hoton marigayi yana murmushinsa, ga sunansa, a ƙasa kuma sabon rubutu na safiyar nan: "Na dawo. Hutu ya ƙare. Kowa ya koma wurin zamansa, gobe akwai darasi."

Kafin ta gama numfasawa shagon ya cika. Wata ta zo da kuka, wata ta zo da salati, wata tsohuwa mai sayar da kayan miya ta ja ta gefe ta tambaye ta a hankali ko ashe a can ma ana samun waya.

Anti Tela ta tsallaka titi da tef ɗin awo a wuya, ta wuce maigadi ba ko sallama, ta tarar da Na-Sani a ɗakin malamai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana yi wa abokan aikinsa lacca.

"Wa ya ce ka taɓa shafin?"

"Matar Yaya, zauna in wayar miki da kai. A kwas an gaya mana abu mafi wuya shi ne tara mabiya. To ga aji cike maƙil an bari ba malami. Ni kuma in je in fara da benci babu kowa? Ai gado ne."

"Gadon wa? Ka ci gadon hularsa, ka ci na takalminsa, shi ma sai da ka cusa tsumma a ciki."

Malamar kimiyya, wadda ke gyaran takardun jarrabawa a kusurwa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ƙyale shi, Anti. Jiya ya ce mana shi zai haɗa makarantar nan da duniya. Ashe da lahira ya fara haɗa ta."

Aka kwashe da dariya. Na-Sani ya ce wannan shi ake kira jan hankalin jama'a, kuma masana sun ce duk rubutun da bai girgiza mutane ba asara ne. Ya rantse zai cire hoton, ya rantse ba zai goge ko bidiyo ɗaya na yayansa ba, ya kuma tuna mata cewa a gaban Inna aka yi alkawari zuwa ranar taro. Ta koma shago tana cizon leɓe. Hoton kam ya cire, ya saka nasa da kati a wuya, amma sunan ya gagare shi canzawa, sai ya bar shi haka. Mutane suka wayi gari suna ganin sunan mamaci da fuskar mai rai.

Tagar ajin Na-Sani tana kallon shagonta. Bayan an tashi yara ta hango shi ya share allo, ya jera littattafai a kan benci, ya jingina wayar da dasta, ya kawo ƙwallon taswirar duniya ya ajiye a tebur. Har da ƙararrawa ya aro daga ofis. Ya kaɗa ta da kansa, ya fita, ya sake shigowa da taƙama, ya tsaya yana jiran bencin da ba kowa ya miƙe ya gaishe shi.

Abin da ya fito daga wannan aiki, mai aski ne ya kawo mata ta gani. Wayar ba ta ɗauki kan Malam ba, daga wuya zuwa gwiwa kawai ta kama, sai ciki da bel suna kai da komo. Da cikin ya gama gabatarwa sai ya juya baya ya shiga rubutu a allo, rubutun da ba a hango ko harafi ɗaya. Can murya ta ce, "Ku kwafa." Daga nan Malam ya je ya zauna. Bidiyo yana tafiya, ba abin da ake ji sai jan kujera da sakace, saboda a ganinsa dole a ba ɗalibai lokacin kwafa.

"Tura gaba," in ji Anti Tela.

"Na tura, Anti. Har yanzu kwafa muke yi."

Da cikin ya dawo sai ya tambaya, "Kun gama?" Ya tsaya yana jira. "Ina magana kuna shiru. Na ce kun gama?" Ya buga dasta a tebur. Daga nan aka shiga darasin yadda duniya take juyawa. Don a gane sosai ya sa hannu ya wulwula ƙwallon taswirar da ƙarfi, duniya ta fice daga sandarta, ta yi tsalle ta doki wayar. Sauran darasin duka fankar silin ake gani tana juyawa, muryar Malam tana ta bayani daga gefe har ya kaɗa ƙararrawar tashi. Kuma haka ya saka shi ɗungurungum, don a cewarsa darasi ba a yanke shi.

Jama'a kuwa suka samu abin yi. Wani ya rubuta, "Malam, fankar ta fi ka bayanin juyawar duniya." Wata ta ce a tausaya wa bel ɗin nan, yana aikin da ya fi ƙarfinsa. Wani ya ce shi bai gama kwafa ba, a ƙara masa lokaci.

In da wani ne ya ga haka, da sai ya ji kunya ya janye. Na-Sani kuwa da ya karanta sai ya gane matsalar nan take: aji ne ya lalace saboda an daɗe ba malami. Ya shigo shagon mai aski yana huci, Anti Tela tana jin su ta katangar katako.

"Surutu ya yi yawa a shafin nan. Na naɗa ka monita."

"Monitan me, Malam?"

"Duk wanda ya yi dariya ka kawo mini sunansa."

"To ai sai in fara da kaina."

"Kai dai yi abin da aka sa ka."

A ranar ya kafa dokoki. Kowace safiya zai yi kiran suna, duk mabiyi ya rubuta "ina nan". Wanda ya makara ya kawo dalili. Wanda ya yi fashi a kore shi. Kuma ya gano wani maɓalli da in ya danna, mutum ba zai sake ganin shafin ba, balle ya yi magana. Tun da ya fara koyarwa bai taɓa samun bulala mai daɗin wannan ba, ba kuka, ba iyaye a ofis. Kowane sharhi kuma sai ya ba shi maki. Mai maganar fanka ya samu sifili da kora. Mai maganar bel ta samu kora ba ko maki.

Anti Tela tana jin labarin tana haɗiyewa, tana cewa ranar taro ta kusa. Sai ranar da ma'aikaciyar jinyar nan, tsohuwar ɗalibar marigayi, ta zo karɓar ɗinkinta. Ta zauna a benci fuska ba walwala, ba kamar yadda ta saba ba.

"Lafiya, 'yar gidan Malam?"

"Anti, an kore ni."

"Daga asibiti?"

"Daga shafin Malam. Ina kan aiki aka yi kiran suna. Da na fito na shiga in yi masa addu'a kamar kullum, na tarar ƙofa a rufe."

Mai aski ya leƙo ya ce ai wannan kaɗan ne, ya nuna musu wani. Direban nan da bai taɓa fashin addu'a ba ya rubuta, "Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa." A ƙasa Na-Sani ya amsa: "Amsarka ba ta da alaƙa da tambaya. Biyu bisa goma. Koma ka karanta darasin jiya." Da direban ya ce shi ba darasi ya zo ba, sai aka kore shi saboda gardama da malami.

Anti Tela ta bi rubutun da yatsa har ƙarshe, ta sake bi. Ta ajiye almakashi ta fita.

Amma Na-Sani ya hango ta daga taga. Kafin ta kai ƙofar aji ya bi ta baya ya kama katangar makaranta. Ya haye lafiya, wandon ne bai haye ba, wani ƙarfe ya riƙe shi ya farke daga ƙugu har cinya. Kuma shi ne wandon kwat ɗinsa guda ɗaya, wanda ya tanada don taro. Da yamma sai ga Inna da wando a leda.

"'Yar nan, ki taimaka ki kama masa."

"Inna, ki gafarce ni. Ki ce masa ya kawo waya ya karɓi wando."

Inna ta kai saƙo ta dawo da amsa: ya ce juyin juya hali ba ya tsayawa saboda wando. Anti Tela ta rataye shi a ƙusa a bakin shago, yagar tana kallon titi, duk wanda ya tambaya ta gaya masa na waye.

Ana gobe taro mai aski ya shigo yana share hawayen dariya. Ya ce wata mai suna Uwar Tagwaye a shafin ta rubuta cikin ladabi, "Malam, sannu da ƙoƙari. Da za ka rage tsawon darasin, ka kuma ɗaga wayar a ga fuskarka, da ya fi." Na-Sani ya amsa mata: "Ɗaliba ba ta koya wa malami aiki. Gobe ki zo makaranta da iyayenki, in ba haka ba kada in sake ganin ki a ajina." Ya danna mata kora.

"Kai kuma me ka ce?" in ji Anti Tela.

"Ni hoton fuska mai dariya kawai na saka. Ya ce monita ya haɗa kai da masu laifi. Ni ma an sallame ni, Anti."

Ranar taro ɗakin ya cika da iyaye. Anti Tela ta rufe shago ta samu kujera a baya, kusa da ƙofa, don kada a sake yi mata ta katanga. An haɗa wayar marigayi da majigi, duk abin da ke cikinta yana fitowa a bango. Na-Sani ya hau dandamali da kwat a sama, wandon motsa jiki a ƙasa, kati a wuya. Kujerar Mai Makaranta a gaba ba kowa, hedimasta ya ce ta aiko a fara, tana tafe.

Ya yi gyaran murya ya ce daga yau an daina cewa makaranta tana da katanga. Ya ce shi kaɗai a cikin malaman nan ya fahimci inda duniya ta dosa, kuma ba ya zargin sauran, kowa da iyakar kansa. Malamar kimiyya ta gyara zama ta naɗe hannu.

"Yanzu kowa ya ciro wayarsa ya buɗe shafinmu, ku ga aji na zamani da idonku."

Aka ciro wayoyi. Sai gunaguni ya fara tashi daga baya.

"Malam, ni ba ya buɗuwa."

"Ni ai ka kore ni, na makara kiran suna."

"Ni tambaya na yi ko darasin na 'yan aji nawa ne, ka ce in fita."

"Ni matata ce ta yi dariya da wayata."

Hedimasta ya duba tasa wayar, ya sake dubawa, ya mayar da ita aljihu. Na-Sani ya ɗaga hannu ya ce a natsu, wannan shi ake kira tarbiyya, gara ɗalibi ɗaya mai ladabi da dubu masu surutu. Wani uba ya tambaya ina ɗayan yake, a nuna shi a gani.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. Mai Makaranta ta shigo a hankali, riƙe da hannun wani tsoho tukuf mai farin gemu, yana taku ɗaya yana hutawa. Aka miƙe aka ba su hanya. Ta zaunar da shi a kujerarta, ta juya ta fuskanci dandamali.

"Malam, ga ni na zo da mahaifina. Mahaifiyata ta rasu, sai ka yi haƙuri da shi kaɗai."

Na-Sani ya yi murmushin da bai san dalilinsa ba. "Ranki ya daɗe, ai babban baƙo ne. Sannu da zuwa, Baba."

"Ba baƙunta ya zo ba. Kai ka ce in zo da iyayena. Ni ce Uwar Tagwaye."

Katin da ke wuyan Na-Sani ya shiga rawa a kan ƙirjinsa.

Tsohon kuwa kunnensa ya yi nauyi, kuma da gaske ya ɗauki maganar. Ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Wane ne malamin? An ce yarinyar nan ta yi rashin kunya a aji. Ba na mamaki. Tun tana ƙarama haka take, babba na magana tana magana."

Wanda ya nutse ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na-Sani ya sauko da sauri ya durƙusa a gabansa. "Baba ya fahimce ni. Baba ya san darajar malami."

"Na sani mana. A nuna mini darasin da ta raina, in hukunta ta a gabanka."

Malamar kimiyya ba ta jira a roƙe ta ba, ta je ta danna. Ciki da bel suka bayyana a bango, sun ninka girmansu na gaske. Tsoho ya ƙura ido, ya karkata kai, ya goge ido da hannun riga.

"Ina malamin? Tumbi kawai nake gani."

"Shi ne, Baba," in ji 'yarsa a kunnensa.

Aka kai wurin kwafa. Tsoho ya jira, ya jira. "Ya mutu ne?"

"Lokacin kwafa ya ba mu."

"To me kika ce masa?"

"Na ce ya rage tsawo, ya nuna fuskarsa."

Tsoho ya dubi bango, ya dubi Na-Sani da ke durƙushe, ya dubi wandon motsa jiki. "Tsawon kam ya rage. Fuskar kuma, da ya bar ta yadda take a bidiyon."

Dariyar da aka yi sai da maigadi ya leƙo. Na-Sani ya miƙe yana cewa matsalar daga majigi ne, daga hasken ɗakin ne, daga masu hassada ne. Hannunsa ya nufi wayar zai cire ta, sai ya ji an riga shi dafa ta. Anti Tela ce.

Ba ta saba magana a taro ba, muryarta ma ba ta da ƙarfi, amma kowa ya kasa kunne.

"Ranki ya daɗe, ni ban san kujera ba, ban san zamani ba. Wayar mijina ce, shafinsa ne. Mutanen da ke zuwa yi masa addu'a wannan ya bi ɗaya-ɗaya ya kora. Su nake so a dawo mini da su, yanzu, kafin kowa ya tashi."

Dariya ta ɗauke daga fuskokin mutane. Da yawansu marigayin ya koyar da 'ya'yansu, wasu su kansu ya koyar. Mai Makaranta ta dubi Na-Sani ta ce, "Ka ji."

Ya karɓi wayar ya shiga danne-danne. Bango yana nuna duk inda yatsansa ya je: ya buɗe agogo, ya buɗe tocila, ya ɗauki hoton hancinsa. Gumi ya jiƙa wuyan kwat.

"Ranki ya daɗe, a kwas ɗin ba a kai ga wannan babin ba."

"An kai," in ji wani uba daga tsakiya, malami a wata makaranta. "Bayan abincin rana aka yi shi. Ni ne na kusa da kai, a kafaɗata ka kwana."

Malamar kimiyya ta nuna masa wurin. Sunayen korarru suka zubo a bango, ana ja suna ƙaruwa, kuma ba a dawo da su a dunƙule, sai ɗaya bayan ɗaya. Mai Makaranta ta sa aka kawo masa ɗan bencin 'yan aji ɗaya, ta ce ya zauna a nan ya yi, kuma ya riƙa faɗin kowane suna da ƙarfi don a tabbata bai tsallake ba. Maganar kujerar mataimaki, ta ce, ya cire ta daga ransa, wadda yake kai ma sai sun zauna.

Haka Malam Na-Sani ya zauna gwiwoyinsa a haɓa, Anti Tela tsaye a kansa, yana kiran suna yana dannawa. Ba wanda ya tafi. Duk wanda ya ji nasa a cikin ɗakin sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ina nan, Malam," a sake fashewa. Sunan hedimasta ya fito, ya amsa ciki-ciki. Tsoho ya yi barcinsa ya farka ya tarar ana yi, ya tambaya ko har yanzu kwafa ake. Da aka kai kan direban nan da ma'aikaciyar jinya, Anti Tela ta sa ya maimaita sunayen, ta ga ya danna da idonta.

Rana ta yi sanyi kafin a gama. Ta zare wayar daga majigi, ta goge ta, ta fita. Tana bakin titi tana jiran mota ta wuce sai wayar ta yi motsi a hannunta. Ta tsaya ta buɗe. Direban ne. Ta sa yatsa tana bi a hankali: "Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙurin zama da ƙaninsa."

Ta ce amin, har sau biyu.

"Kin gani ko?" Na-Sani ne a bayanta yana leƙe ta kafaɗa, kati ya koma aljihu. "Mabiya sun fara dawowa. Dama haka tsarin yake, sai an girgiza su. Matar Yaya, ki ara mini ita gobe kawai, in yi ɗan bidiyon ban haƙuri. Wannan karon na san inda zan jingina ta."

Ta jefa wayar cikin jaka ta ja zif.

"Duk wanda ka kora yana da gida, gidan kuma yana da ƙofa. Ka ba da haƙurin da ƙafa."

Ta tsallaka titi ta bar shi nan, yara 'yan makaranta suna nuna wandonsa da ke lilo a bakin shago.